Kantin Intanet Da Ma'ajinsa

Duk wanda ya san Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi a Kano ya san babban ɗan kasuwa ba ya rabuwa da malamin da ke riƙe masa littafi. A cikin littafin nan ake rubuta dila nawa suka shigo, nawa suka fita, wa ya biya, wa ake bi bashi, yaushe kuma ya yi alkawarin kawowa. Gobara takan cinye dila goma maigida ya farfaɗo, amma in littafin ya ƙone, to, masu tsoron Allah ne kaɗai za su tuna ana binsu. Shi ya sa ba a ba kowa riƙon littafi sai wanda aka jarraba aka tabbatar da amanarsa.

A zamanin nan wani irin kanti ya bayyana wanda ba shi da rumfa, ba shi da yaron kanti mai maraba da baƙo. Mutum yana zaune a ɗakinsa zai zaɓi kaya ta wayarsa, ya biya, a kawo masa har ƙofar gida. Littafin irin wannan kanti shi ake kira rumbun bayanai, watau ma'ajiyar da ke cikin manyan kwamfutoci inda ake tsara sunan kowane mai saye, da adireshinsa, da farashin kowane kaya, da adadin abin da ya rage a sito, da kowane kwabo da ya shigo. Akwai kuwa ma'aikaci na musamman mai kula da wannan rumbu, wanda ya dace a kira shi ma'ajin bayanai. Sana'arsa ta cancanci samari masu neman abin yi su dube ta da idon basira, amma fa su shige ta da sanin cewa riƙon amana ce kafin ta zama hanyar samun albashi.

Yawancin samarin da ke koyon aikin kwamfuta hankalinsu ya fi karkata ga ƙirƙirar manhajar da jama'a za su gani a waya su yaba. Aikin ma'aji ba shi da wannan armashi, gama in ya yi shi daidai babu wanda zai san yana nan. Ga misali: waya ɗaya ta rage a sito, mutum biyu suka danna saye a daƙiƙa guda, ɗaya a Kaduna ɗaya a Ibadan. Dole rumbun ya ba ɗaya ya hana ɗaya. Dole kuma cire kuɗi, da rubuta oda, da rage adadin kaya su auku gaba ɗaya, ko kuwa a fasa su gaba ɗaya, don kada a karɓi kuɗin mutum alhali ba a rubuta masa kome ba. Ma'aji ne ke tabbatar da an tsara rumbun yadda haka za ta kasance. Shi ne ke shirya fihirisa, don kada kwamfuta ta karanta layi miliyan goma wajen neman oda guda. Shi ne ke ajiye kwafin ko-ta-kwana a wani wuri dabam, shi ne ke ƙayyade wanda zai ga me a cikin ma'aikata, shi ne kuma ake tasa da ƙarfe biyu na dare in rumbun ya cije.

Ilmin da aikin ya dogara a kai ba sabo ba ne. A 1970 ne Edgar Codd, wani masanin lissafi haifaffen Ingila da ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya wallafa tsarin ajiye bayanai a cikin jadawalai masu dangantaka da juna. Daga nan aka sami harshen SQL wanda ake yi wa rumbu tambaya da shi, a 1979 kuma kamfanin da daga baya aka sani da Oracle ya fara sayar da manhajar da ke aiki da shi. Fiye da shekara 50 ke nan da aikin Codd, amma har yanzu bankuna da kantuna a kan tsarin nan suke tafiya. Ba kowace sana'a ta kwamfuta ce ke da tushe mai daɗewa haka ba.

Abin da ya bambanta kanti mai saurin bunƙasa da sauran wuraren aiki shi ne, rigar da aka ɗinka masa bara ba ta shigarsa bana. Tsarin da ya ɗauki oda dubu a yini ba lalle ya ɗauki dubu ɗari ba, kuma ba a iya rufe kanti a ce masu saye su dakata a yi gyara. Kamfanin Amazon, wanda Jeff Bezos ya kafa a 1994 ya fara da sayar da littattafai, ya ɗanɗana wannan a lokacin cinikin ƙarshen shekarar 2004, sa'ad da rumbunansa suka kasa ɗaukar yawan masu saye har shafin ya yi ta tsayawa. Da injiniyoyinsa suka zauna suka bincika, sai suka tarar wajen kashi 70 cikin 100 na tambayoyin da ake yi wa rumbunan neman layi guda ne kawai ta hanyar lambarsa, abin da ba ya bukatar duk nauyin tsarin da suke amfani da shi. Binciken nan ne ya haifi sabon tsarin ajiya mai suna Dynamo, wanda suka bayyana wa duniya a 2007. Abin lura a nan shi ne, ba sayen kwamfuta mafi girma ne ya warware matsalar ba. Mutanen da suka san bayanansu ciki da bai, suka san yadda ake amfani da su, su ne suka warware ta.

Yawan cinikin kuwa sai ƙaruwa yake yi. Kamfanin Alibaba na ƙasar Sin ya ba da sanarwar cewa a cinikin rangwamensa na 11 ga Nuwamba, 2020, oda ta kai 583,000 a daƙiƙa ɗaya lokacin da kasuwa ta fi cika. Kantunan Nijeriya ba su kai nan ba, amma su ma suna da watan Nuwamba na rangwame, inda cinikin makonni kan taru a 'yan kwanaki. Ma'ajin da bai gwada ƙarfin rumbunsa tun watan Agusta ba, a gaban masu saye zai gwada shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban abin da ake auna ma'aji da shi, duk da haka, shi ne ranar ɓarna. Ran 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, mai ajiye wa masu rubuta manhaja ayyukansu, yana gyara cikin dare, ya yi nufin share rumbu na biyu da ya sami matsala, sai ya share babban rumbun bisa kuskure. Kafin ya farga, daga wajen gigabayit 300 saura kamar huɗu da rabi. Da aka juya ga kwafin ko-ta-kwana, sai aka tarar hanyoyin da aka dogara da su ba sa aiki. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana kasawa ba wanda ya sani, don saƙon gargaɗin da take aikawa ba ya isa ga kowa. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka yi da hannu wajen sa'a shida kafin abin ya faru, kuma aikin sa'o'i shidan nan ya tafi ke nan. GitLab ba kanti ba ne, amma mai kanti ya kwatanta da kansa: oda ta sa'a shida ta ɓace, an karɓi kuɗin mutane, ba a san wa za a kai wa me ba. Darasin a fili yake. Kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, zato ne kawai ake yi akwai shi. Abin yabo ga kamfanin shi ne bai ɓoye ba, bai kuma tsaya ga zargin mutum guda ba, ya bayyana yadda tsarinsa ya bar ƙofar kuskuren a buɗe.

Bayan kuskure kuma akwai ɓarawo. A watan Janairu na 2012 kantin Zappos, mai sayar da takalma ta intanet a Amurka, ya sanar da cewa an kutsa cikin kwamfutocinsa an kai ga bayanan masu saye wajen miliyan 24: sunaye, da adireshi, da lambobin waya, da lambobi huɗu na ƙarshen katin banki. Amma cikakkun lambobin katin ba a kai gare su ba, don a rumbu dabam aka ajiye su. Wani ne ya yanke shawarar raba su tun kafin ɓarawo ya zo, kuma irin wannan shawara tana cikin aikin ma'aji. A Nijeriya maganar ta wuce ta ganin dama. Dokar Kare Bayanai wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukuma cikin sa'a 72 in aka keta bayanan da za su iya jawo wa masu su cuta, kuma tarar manyan kamfanoni tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Adireshin matar aure da lambar wayarta da ke cikin rumbun kanti amana ce, ma'ajin da ya leƙa su ba da dalilin aiki ba, ko ya sayar wa masu talla, ya ci amana ko da doka ba ta kama shi ba.

Akwai masu cewa sana'ar tana gab da mutuwa, wai tun da yanzu kamfani yana iya hayar rumbu daga Amazon ko Microsoft ko Google, su ɗauke masa ɗawainiyar kafa manhaja da sabunta ta da yin kwafi, to, me ya rage wa ma'aji? Maganarsu ba ta rasa ƙanshin gaskiya ba. A watan Oktoba na 2019 Amazon ya sanar da cewa sashensa na ciniki ya kammala kwashe bayanai masu yawan gigabayit miliyan 75 daga rumbunan Oracle kusan 7,500 zuwa nasa na kansa, ya kuma ce ɗawainiyar kula da su ta ragu da kashi 70 cikin 100. Wanda duk iliminsa bai wuce danna maɓallan manhaja guda ba, lalle ya kamata wannan labari ya tayar masa da hankali. Amma a cikin sanarwar nan kamfanin ya ce ya sake horar da ma'ajinsa suka zama ƙwararru kan ƙaurar bayanai da masu ba da shawara. Watau aikin hannu ne ya ragu, na tunani yana nan. Kamfanin haya ba zai tsara wa kanti jadawalinsa ba, ba zai gaya masa wace tambaya ce ke cinye masa kuɗi ba, ba kuma zai hana shi ba yaron talla izinin ganin bayanan kowa ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma mai rawa yana nan.

Saboda haka saurayi ko budurwa mai sha'awar wannan sana'a ya kama tushe kafin reshe. Ya ƙware a SQL da tsara jadawalai, ya san tsarin Linux, ya koyi rubuta 'yan umarnin da za su sa kwamfuta ta yi aikin maimaici da kanta. Kayan koyon ba su da tsada, gama PostgreSQL da MySQL kyauta ake samunsu, kuma suna aiki a ƙaramar kwamfutar hannu. Ya gina rumbun kantin wasa, ya cika shi da oda, ya share shi da gangan, sa'an nan ya ga ko zai iya mayar da shi. Wanda ya yi haka sau goma ya fi mai takardar shaida uku wanda bai taɓa yi ba. Ya kuma sani tun da wuri akwai tashin dare, akwai aikin ranar hutu, yabo kuwa kaɗan ne. Mai gaggawa da mai son a san shi, gara su nemi wani fanni.

Masu kantuna su ma akwai nasu. Al'adar zuba kuɗi a talla a bar rumbu a hannun duk yaron da ya fi kusa da kwamfuta ganganci ne, haka kuma ɗora wa mutum guda tsaron dare da rana ba mai karɓarsa. Gajiyayye shi ke share abin da bai yi niyya ba. Jami'o'i da kwalejojin fasaha kuma ya kamata su daina koyar da darasin rumbun bayanai a kan allo kaɗai, ɗalibi ya ci jarrabawa bai taɓa mayar da kwafi ko sau ɗaya ba. Abin dubawa ne cewa Jumia, wanda aka kafa a Legas a 2012, ya kuma shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2019, a birnin Porto na ƙasar Fotugal ya kafa babbar cibiyarsa ta fasaha. Kasuwa a Afirka, masu gina littafin a Turai. Ƙorafi ba zai sauya wannan ba, sai an horar da isassun ƙwararru a gida waɗanda za a iya danƙa wa rumbu a yi barci.

Ƙasar da ta san darajar malamin kanti da ma'ajin masarauta tun kafin zuwan kwamfuta bai kamata a koya mata muhimmancin mai riƙon littafi ba. Abin da ya rage shi ne 'ya'yanta su koyi sabon littafin, su riƙe shi da irin amanar da aka san na da da ita. Allah ya sa a gane.