Wasiƙa daga Annandale: Maganar dala mai tauraro

  

Dalilin wannan wasiƙa shi ne ƙanena, wanda ya bugo mini waya sau uku a mako guda. Ya ga wani bidiyo da aka ce akwai takardar dala ɗaya a Amurka da ake sayarwa dubban daloli, don haka yana so ya ɗauki kuɗin adashinsa ya aiko mini in saya masa irinta ya ajiye. Na ce masa a'a, ya ji haushi. Shi ya sa zan yi bayanin a nan kowa ya gani, don na san ba shi kaɗai ya ga bidiyon ba.

Takardar dai akwai ta. Ma'aikatar buga kuɗin Amurka tana da wurare biyu, ɗaya a cikin Washington, tafiyar da ba ta kai awa guda daga gidana ba, ɗayan kuma a Fort Worth ta jihar Texas, wanda aka ƙaddamar a hukumance a 1991. Idan takarda ta lalace wajen bugu, ba a maimaita lambarta. Sai a cire ta a sa wata a gurbinta mai tata lambar daban, da ɗan tauraro a ƙarshen lambar. Tun 1910 ake haka. A kasuwa dala ɗaya ce kamar kowace, amma masu tara kuɗi don sha'awa suna nemanta, musamman sabuwa fil wadda hannu bai murje ba.

Ni ma na shiga wannan sha'awar. Wata rana na karɓi canji a wani kantin 'yan Koriya da ke kan titin Little River Turnpike, inda suke da yawa a nan garin, na ga tauraron, na tambayi abokin aikina. Daga nan na koma ina karɓo bandir na sababbin dala ɗai-ɗai a banki ina dubawa da daddare, uwargida tana mini dariya.

Abin da bidiyon bai faɗa wa ƙanena ba shi ne yawancin masu tauraron ba su da wani tsada. Cikakken bugu guda takarda miliyan 3.2 ne, kuma masu tarawa ba sa ɗaga kai sai in bugun bai wuce 640,000 ba. Labarin dubban daloli kuwa ya samo asali ne daga wani kuskure: dala ɗaya ta jerin 2013 mai harafin B na New York, an buga lambobi iri ɗaya sau biyu, a Washington a 2014, sannan a Fort Worth a 2016. Guda ɗaya ba ta isa ba, sai ka haɗa tagwayen biyu masu lamba ɗaya, alhali sun watsu cikin duniya shekaru da dama. Wannan neman allura ne cikin ruwa.

Na taɓa kai guda ashirin da nake ji da su wurin wani mai sayen tsofaffin kuɗi. Ya ɗaga su a fitila ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini lanƙwasa a gefen da ni ban ma gani ba, ya ware uku kacal, ya yi mini tayin da bai biya man motata ba. Kamfanonin da ke tantance takarda suna ba da maki daga 1 zuwa 70, kuma kuɗin tantancewar kan fi ƙimar takardar kanta. To ku auna wannan da damina da ƙura da gara a Kano. Kuma in ƙanena ya matsu ya kai ta Wapa, wa zai ƙara masa kwabo saboda tauraro? 'Yan canji ma sukan rage farashin ƙananan takardun dala.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Mun taso muna jin cewa kuɗi da kuɗi jinsi ɗaya sai daidai wa daida, hannu da hannu. Wannan dalar har yau ana sayen burodi da ita, ba tsohon sulai ba ce da aka daina karɓa. Hukuncin na malamai ne, amma ni tun ranar can raina bai kwanta da sayarwa ba, na kwaso kayana na dawo gida. A gida ma ai mun san masu sayar da sababbin naira a bakin wuraren biki, kuma dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana, da ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000. A Amurka doka ba ta hana sayar da takarda mai tauraro ba, bambancin ke nan, amma abin da muka gani a farkon 2023, mutum yana sayen kuɗinsa da kuɗinsa a wurin masu POS, ya sa duk cinikin ya fita mini a rai.

Ƙanena, ka sa kuɗin adashin nan a shagonka kamar yadda ka yi niyya tun farko. Na ware maka guda biyu masu tauraro cikin leda, kyauta, zan ba mai tahowa a watan gobe. Kada ka ninke su, kuma kada yara su gani.

A gaida Inna da su Yaya da duk mutanen gida. Sai na ji daga gare ku.