FAGEN WASANNI: Wa Zai Rubuta Tarihin Mazajen Dambe?

Sanin kowa ne cewa unguwar Gwallameji da ke kan hanyar Dass a birnin Bauchi matattara ce ta matasa, saboda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke wurin, wadda aka kafa a 1979. Samari daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suna zaune a can, kuma babu abin da ke haɗa su gardama kamar wasanni. Yaro zai zayyana sunayen 'yan ƙwallon Ingila ɗaya bayan ɗaya, har da yawan ƙwallayen da kowa ya ci. Amma in aka ce ya faɗi shekarar da Wikki Tourists ta Bauchi ta ci Kofin Ƙalubale, sai ya yi tsit, alhali kuwa a 1998 ne ta doke Plateau United a bugun fanareti ta ɗauko shi. Haka nan ba kowa ke tuna cewa Mighty Jets ta Jos ce ta fara cin gasar ƙungiyoyin ƙasa a 1972, ko cewa Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978 ba. To, in ƙwallon ƙafa da jaridu suka rubuta ta gamu da irin wannan mantuwa, ina ga dambe, wanda tarihinsa kusan duk a ka yake?

Dambe dai asalinsa wasan mahauta ne. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, sai 'yan dambe su ɗauki makaɗansu su shiga gari gari neman abokan karawa. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da zare, shi ne na bugu, ya miƙa ɗayan gaba ya zama garkuwa. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, ko da kuwa ya tashi garau yana kakkaɓe ƙura. Babu alƙalami, babu takarda. Jama'ar da ta kewaye fagen ita ce shaida, kalangu kuma shi ne mai shela.

A cikin mazajen da suka yi tashe a wancan zamani, babu wanda sunansa ya kai na Shago yaɗuwa, mutumin tsohon lardin Sakkwato. Dattawa har gobe suna ba da labarin karonsa da Ɗandunawa kamar jiya aka yi. A Kano kuma an yi Ado Ɗan Kore, wanda har yanzu ake kiran wani gidan dambe da sunansa a birnin. Bayansu aka yi irin su Ali Zuma, mai gidan damben nan na Dei-Dei a Abuja. Waɗannan mutane ne da ake bin tafiya mai nisa don a ga turminsu guda.

Sa'an nan ɗan dambe ba ya tsayawa shi kaɗai. Akwai rundunoni: Kudu, da Guramada, da Arewa da wasu kan kira Jamus. In aka kashe ɗan wata runduna, to dukkan rundunar aka taɓa, kuma ba ta runtsawa sai ta rama. Ko a suna ana ganin wannan zumunci, domin yaro yakan ɗauki sunan ubangidansa, a ji ana cewa Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane, ko Garkuwan wane. Watau kowane suna salsala ne, yana nuna hannun da ya yi reno. Da za a bi waɗannan sunaye baya ɗaya bayan ɗaya, da an fito da tarihin dambe na shekaru masu yawa.

Abin lura a nan shi ne, da ba don Muhammadu Bawa Ɗan Anace ba, da wuya samarin yau su san an taɓa yin wani Shago. Waƙoƙinsa ne suka riƙe sunan Shago da na Ɗandunawa da na Ado Ɗan Kore. Amma fa mawaƙi ba marubucin tarihi ba ne. Gwaninsa yake wasawa, kuma ba ya faɗin rana ko shekara. Wanda aka kashe ba a jin ta bakinsa. Mazaje nawa ne suka yi zamani a ƙasar Bauchi da Katagum da Misau da Ningi, suka tafi da labarinsu kabari, don kawai ba su sami mawaƙin da aka ɗauki muryarsa a faifai ba?

Wasu al'ummai ba haka suka yi da nasu ba. A Kanada da Amurka akwai wasan hoki da ake yi a kan ƙanƙara, wanda shi ma ba a raba shi da naushi. Tun 1893 ake ba da kofinsa mai suna Stanley, kuma a jikin kofin ake zana sunayen 'yan wasan da suka ci shi. Kowane yaro a can zai iya bincikawa ya ga ƙungiyar birnin Montreal ta ɗauke shi sau 24, biyar a jere daga 1956 zuwa 1960. Ko mafaɗatansu ba su bari sun ɓace ba. An rubuta cewa Dave Schultz na ƙungiyar Philadelphia, wadda ta ci kofin a 1974 da 1975, ya sha horon zaman benci na minti 472 a kakar wasa guda. Mutanen da suka ƙidaya mintocin horon mafaɗaci, ai ba za su manta da gwaninsu ba.

In an ce can nesa ne, ga maƙwabta nan. Jamhuriyar Nijar ta fara gasar takobin kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokawa na farko, kuma tun daga lokacin ana da jerin sunayen waɗanda suka ɗauki takobin, da jiharsu, da shekararsu. Da yawansu Hausawa ne su ma, kokawa ce irin ta ko'ina, hukuma ce kawai ta ɗauki abin da muhimmanci.

Saboda haka aiki ya rage ga hukumomin wasanni da na al'adu na jihohi, da gidajen rediyo, da manyan makarantu. Aikin kuwa ba mai cin kuɗi ba ne. Tsofaffin 'yan dambe suna nan a mahautai da kasuwanni, makaɗansu suna nan, sarakunan fawa suna nan. Ɗalibin da ke zaune a Gwallameji yana neman abin da zai yi bincike a kai, da wayar da ke aljihunsa zai iya ɗaukar muryar dattijo guda, ya tambaye shi wa ya rene shi, da wa ya kara, a wane gari, zamanin wane sarki. In kowace makaranta ta yi na yankinta, aka tara a wuri ɗaya, cikin 'yan shekaru za a sami kundi.

Sai dai abin yana bukatar hanzari, gama masu ba da labarin kullum raguwa suke yi, kuma Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya ji ƙan mazajen da suka riga mu, ya ba na raye lafiya.