Wasiƙa Daga Bronx: "Sai Na Gama"

Ku yi haƙuri da jina shiru kusan wata uku. Dalilin shirun shi ne abin da zan yi magana a kai yau.

Makonni biyu da suka wuce na kira Yaya a Zariya kan wata takarda da nake so ya karɓo mini. Muna cikin hira ya ce, "Ai Hajiya ta samu sauƙi sosai tun da aka sallamo ta." Na ce sallama daga ina? Ashe kwananta huɗu a asibiti. Na ce don me ba a gaya mini ba? Ya ce ita ta hana, wai kada a ɗaga mini hankali ina karatu. Wallahi ban ga laifin kowa ba. Ni na koya muku haka. Shekara uku ke nan duk wanda ya kira ni sai ya ji "ina laburare, zan kira ka", kuma ba na kira.

Tun zuwana ƙasar nan kalma ɗaya nake ta maimaitawa: sai na gama. Hira da uwargida, sai na gama wannan babin. Biya wa yara karatun allo, sai na gama jarrabawa. Yanzu na gane cewa "sai na gama" yaudarar kai ce. Bayan digirin digirgir akwai neman aiki, bayan aiki akwai neman ƙarin girma. Wanda bai ware wa Allah da iyalinsa lokaci yana ɗalibi ba, ba ranar da ya zama Dakta zai fara ba.

Bari in ba ku labarin wani wuri a unguwarmu. Ana kiran unguwar University Heights ne saboda Jami'ar New York ta taɓa zama a kan tudun nan da ke kallon kogin Harlem, har zuwa 1973 da matsin kuɗi ya sa ta sayar da harabar. Yanzu kwalejin Bronx Community College ce a wurin. A ciki akwai wata doguwar rumfa mai ginshiƙai da aka buɗe a 1901, Hall of Fame for Great Americans, inda aka jera mutum-mutumin tagulla kusan ɗari na mashahuran Amurka, irin su Abraham Lincoln da Thomas Edison. A da, shiga wannan jeri babbar daraja ce a ƙasar nan. Tun 1976 ba a sake zaɓen kowa ba. A 2017 ma aka cire na janar-janar biyu da suka yi yaƙi a ɓangaren masu bautar da bayi. Ranar da na je, ni kaɗai ne sai tattabaru, kuma fiye da rabin sunayen ban taɓa jin su ba. Na ce a raina, in waɗannan haka duniya ta yi da sunansu, ina ga kundin binciken da bai fi mutum biyar za su karanta ba? Shi ne zan bar mahaifiyata ta kwanta asibiti ban sani ba dominsa?

Mu da ke nan muna yawan fakewa da cewa ƙasar Turawa ce, ba a ba addini wuri. Ni dai a birnin nan wannan uzuri bai riƙe ni ba. Tun 2015 ake rufe makarantun gwamnati na New York ranakun Sallah ƙarama da babba in sun faɗo ranar karatu. A 2023 hukumar birni ta ba masallatai damar kiran sallar Juma'a da lasifika ba tare da neman izini ba. Bronx cike take da 'yan Afirka ta Yamma, har da Hausawan zango daga Gana, masallatai kuma ba su yi wuyar samu ba. Babu wanda ya taɓa hana ni salla. Gaskiyar ita ce a watan Disamba azahar kan shiga wajen sha biyu, la'asar biyu da kwata, magariba huɗu da rabi, ni kuma sai in duƙufa a gaban kwamfuta har duhu ya yi, in zo in haɗa ukun a gaggauce.

Haka batun uwargida. Bizar da ake ba matar ɗalibi ba ta yarda ta yi aiki ba. Ga sanyi, ga bene, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana. In hau jirgin ƙasa mai lamba 4 a tashar Burnside tun yara na barci, in dawo sun sake yin barci. Rannan ta ce mini, cikin raha, "Malam, baƙon namu ya iso." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Na san Kawu zai ce, ba yawon shaƙatawa aka tura ka ba. Gaskiyarsa. Tallafin karatu yana da wa'adi, akwai masu jiran in gama in taimaka musu, neman ilimi da neman halak kuma ibada ne. Ban ce zan yi sakaci ba. Amma ku tuna nasihar da Salmanul Farisi ya yi wa Abud Darda'i a kan ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata shi. In har ba a yarda nafila ta cinye haƙƙin iyali ba, ina ga digiri? Kuma da na duba da kyau, a cikin awa goma sha huɗu da nake yi a waje, aikin kirki bai fi na awa bakwai ba. Sauran gajiya ce da yawo a intanet.

Ga abin da na yanke. Lokutan salla su nake fara rubutawa a jadawalina, sannan in jera aiki a tsakaninsu. Na gaya wa malamin da ke duba aikina cewa ba na nan ranar Juma'a daga sha biyu zuwa biyu. Ya ce ba matsala. Shekara uku ina tsoron tambayar da amsarta ba ta ɗauki minti ɗaya ba. Abincin dare a gida zan ci. Hajiya kuma zan riƙa kiranta kullum bayan asuba, tunda a hunturu kun riga mu da awa shida, lokacin ta kusa alwalar azahar. Ƙila hakan ya ƙara mini zango ɗaya kafin in gama. Na yarda. Sannu ba ta hana zuwa.

Roƙona gare ku ɗaya ne: don Allah ku daina tausaya mini da ɓoye labari. Rashin lafiya, haihuwa, rasuwa, ko rigimar gida, ku kira ni ko da tsakar dare ne. Ƙannena masu shirin fitowa karatu, ku tsara wannan tun kafin ku hau jirgi.

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Uwargida da yara suna gaishe ku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Naku har kullum.