Wa Ke Ba Da Umarni A Wurin Hatsari?

Idan mota ta faɗi a kan babbar hanya, kafin wani lokaci za a ga jami'an kiyaye haɗurra, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, 'yan agaji da kuma jama'ar gari. Kowa ya zo da niyyar alheri. Abin da sau da yawa ake rasawa shi ne mutum ɗaya da kowa zai saurara, kuma a ganina wannan rashin yana cin rayukan da za a iya cetowa.

Kowace hukuma da aikinta. 'Yan sanda su killace wurin, 'yan kwana-kwana su kashe wuta su yanke ƙarfen da ya danne mutane, jami'an kiyaye haɗurra su buɗe hanya, ma'aikatan lafiya su tantance waɗanda suka ji rauni. Amma tilas shugabanninsu su tsaya wuri guda, su yi magana baki da baki, su amince da wanda zai jagoranta. Ko ƙasashen da suka fi mu kayan aiki sun ɗanɗana kuɗar rashin hakan. A shekarar 2017, da bam ya tashi a wani zauren wasanni a Mancesta ta Ingila ya kashe mutum 22, sai bayan fiye da awa biyu 'yan kwana-kwana suka iso, saboda hukumomin ba su fahimci juna ba.

Inda na fi so in ja hankali shi ne batun tantancewa. Ma'aikacin lafiya yakan kasa majinyata kashi-kashi: ja ga wanda ransa ke cikin haɗari nan take, ruwan ɗorawa ga wanda zai iya ɗan jira, kore ga mai iya tafiya da ƙafarsa. Wanda ya fi kowa ihu yana numfashi, yana cikin hayyacinsa. Wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Idan babu mai jagora, masu ƙaramin rauni su ake fara kwasowa, su cika ɗakin taimakon gaggawa, mai zubar jini a ciki kuwa ya iso a ƙarshe ya tarar babu gado. Jagora ne zai kira asibiti tun daga can ya faɗi adadin mutane, ya kuma rarraba su, kada a jibge wa asibiti ɗaya.

A matsayina na ungozoma ina roƙo: idan akwai mai juna biyu, a faɗa wa jami'ai da wuri, ko da ta ce lafiyarta ƙalau. Mahaifa tana iya rabuwa ba tare da an ga jini ba. Idan cikin ya tsufa, a karkata ta ɓangaren hagu, a kula da wuyanta, a kai ta inda ake iya yin tiyata.

Mu jama'a ma da namu. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta fashe a Majiya, Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka rasu, da yawansu sun matsa ne don ɗibar mai. Idan jami'i ya ce a ja baya, a ja baya. A bar ɗaukar hoto da waya, a kira 112, ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra, a faɗi wurin da adadin mutane. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.