Fuskar yaro ba kayan talla ba ce

1/ Masu ɗaukar hoton labarai na Katsina, da mu masu waya a hannu, akwai maganar da muke ta kewayewa. Yau zan yi ta. Kan hotunan yaran Ƙanƙara ce, don har gobe ba mu ɗauki darasi ba. 🧵

2/ Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara. Ranar 17 aka sako su, washegari aka kawo su birnin Katsina. Gwamnati ta ce yara 344 ne.

3/ Yaran nan sun yi kwanaki a daji, sun sha tafiyar ƙasa, da yawansu ko takalmi babu. Kafin su rungumi iyayensu, kyamarori sun riga sun cika fuskokinsu. Wa ya tambaye su ko sun yarda? Yaron da ya fito daga hannun mai bindiga, yana tsakiyar sojoji da manyan gwamnati, ina zai samu bakin cewa a'a?

4/ Tun kafin a sako su ma, bidiyo ya fito mai tambarin Boko Haram, wani yaro yana roƙon gwamnati. Kowa ya san ba da son ransa yake magana ba. Amma aka yi ta tura shi a WhatsApp da Facebook, fuska a buɗe. Wato mun yi wa masu garkuwa aikin yaɗa saƙonsu kyauta.

5/ Kada wani ya ce babu ƙa'ida. Kundin ɗa'ar aikin jarida na Najeriya da aka amince da shi a Ilorin a 1998 ya hana bayyana suna ko hoton yaro ɗan ƙasa da shekara 16 a labarin aikata laifi, ko da shi aka cuta. Makarantar sakandare ce fa. Ku yi lissafin shekarun da kanku.

6/ Na san amsar da za a ba ni: in babu hoto, hukuma sai ta musanta. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi. Hoto shaida ne, shi ke sa duniya ta waiwayo. Ban ce a ajiye kyamara ba.

7/ Amma ku tuna hotunan ɗakunan kwanan makarantar: takalma a warwatse, akwatuna babu masu su, iyaye cirko-cirko a bakin ƙofa. Wallahi sun fi kowace fuska taɓa zuciya, kuma ba su tona asirin yaro ko ɗaya ba. Ashe ana iya ba da shaida ba tare da an tozarta kowa ba.

8/ A 1993 Kevin Carter ya ɗauki hoton yaro da yunwa ta kayar a kudancin Sudan, ungulu na tsaye a bayansa. New York Times ta buga, ya samu kyautar Pulitzer a 1994. Tambayar da mutane suka yi ta yi masa ita ce: shi yaron fa, ya ya ƙare? Har yau tambayar nan na bin duk mai kyamara.

9/ Mu nan abin ya wuce yara. Da an kai hari ƙauye ko an yi haɗari a hanyar Funtuwa, kafin a sanar da dangi, gawa ta zagaye gari a waya. Mu da aka raina da suturta mamaci! Uwa ta ga gawar ɗanta a Facebook kafin kowa ya yi mata gaisuwa, wannan wace irin jarida ce?

10/ Intanet ba ta mantuwa. Yaran Ƙanƙara yanzu samari ne, za su nemi aiki, za su nemi aure, hoton ranar da suka fi kowace wahala yana nan yana jiransu.

11/ Abin da nake nema kaɗan ne. Yaro ne? Rufe fuska. Gawa ce? Jira dangi su sani. Bidiyon masu garkuwa ne? Kada ka tura. Kafin ka danna, ka ɗauka ƙaninka ne a hoton. In ba za ka saka nasa ba, ɗan wani ma ɗa ne.