Ɗaukar Hoto a Ƙasar Daura: Ido Kafin Na'ura

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma ba kowane hoto ne ke korar ji ba. Duk watan Rabi'ul Awwal baƙi sukan cika Daura domin Sallar Gani, kowa da wayarsa a hannu. Sai a ɗauki rijiyar Kusugu da ƙofar fada da rana tsaka, a koma gida da fuskokin da inuwa ta rufe, da dawakin da aka guntule wa ƙafafu.

Laifin ba na na'ura ba ne, na gaggawa ne. Hasken hantsi da na la'asar su ne ke fito da zanen bango da adon sirdi, saboda haka ya kamata mai ɗauka ya jira su, ya kuma ba rana baya. In doki ne, ya durƙusa, don mahayi ya fito da kwarjininsa. In gini ne, ya bar mutum a gefe, don a gane tsayinsa. Kada ya ɗauki dattijo ko matar aure sai da izini.

Bayan haka ya fita birni, ya nufi ƙauyukan Sandamu, inda siminti da kwano ke ta ture ginin ƙasa. Ɗalibin da ya ɗauki rumbu ɗaya da natsuwa ya ajiye wa jikoki shaida. Wanda ya tara hotuna ɗari a gurguje kuwa, tarkace ya tara.