Wasiƙa ga Masu Kiwon Agwagi a Jangebe: A Rage Gashi, a Bar Ƙashi

Iyayena mata da 'yan'uwana masu kiwon agwagi a Jangebe, da na ƙauyukan Mafara, Bakura da Maradun. 

Maganar fiffike ce ta sa na rubuto muku. Agwagwar gidajenmu, mai jan tsiro a fuska, asalinta daga Kudancin Amurka ne, inda danginta na dawa ke kwana a kan itatuwa, shi ya sa har yau ba ta manta tashi ba. Toro dai nauyi kan danne shi in ya girma. Macen kuwa sai ku hango ta a kan katanga, kafin ku yi magana ta kai fadama. A yankin da madatsar Bakolori ke shayarwa tun da aka kammala ta a 1978, fadama na nufin shinkafar wani, kuma ɓarnar iri takan kai mutum gaban mai unguwa. Ga kuma murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006. Agwagwa na iya kwaso ta wurin tsuntsayen ruwa ta kawo wa kaji, ita ko atishawa ba ta yi ba.

Don haka mai son hana ta tashi yana da hujja. Ta yaya za a hana, nan ne nake da magana.

Akwai masu datse gaɓar ƙarshe ta fiffike tun agwagwa tana 'yar tsako, wai a huta gaba ɗaya. Ina roƙonku ku bar wannan. Ƙashi ne da jijiya da nama ake yankewa, kuma ba ya tohowa. Da reza a tsakar gida, jini da ruɓewar miki ne ke biyo baya. Ko a Ingila, inda likitan dabbobi kaɗai aka yarje wa yin sa, doka ta hana a yi wa tsuntsayen da ake kiwo a gona. Mu kuma mun san Annabi (SAW) ya hana a yanke gaɓar dabba tana raye don azabtarwa, kuma mai tsoron Allah ba ya son ya kusanci abin da ya yi kama da haka alhali ga hanya mai sauƙi.

Hanyar ita ce almakashi mai kaifi da mutum biyu. Ɗaya ya rungume ta, ya kula da farcenta don tana yakushi, ɗaya ya buɗe fiffike. A bakinsa za ku ga dogayen gashi guda goma. Su za a rage, daidai inda gajerun da ke rufe su suka tsaya. Fiffike ɗaya kawai. In aka rage biyun daidai, mai ƙarfi za ta iya ɗagawa; in ɗaya ne, tana yunƙurawa sai ta karkace ta sauko. Gashin da ya ƙosa ba ya ciwo, kamar yankan farce ne.

Amma ku duba gindin kowane gashi tukuna. Wanda ya ƙosa fari ne, cikinsa fayau. Wanda ke fitowa sabo gindinsa duhu ne, da jini a ciki. In kun ga irinsa ku dakata har ya ƙosa. In an kuskure jini ya fito, a danne da tsumma mai tsabta har ya tsaya.

Masu tuge gashin da hannu kuwa wahalar banza suke yi: ta sha zafi, kuma cikin 'yan makonni ya sake fitowa. Wanda aka yanke yana nan har ta zubar da tsohon gashi, kusan sau ɗaya a shekara, sannan a maimaita. Kada a taɓa mai kwanci. Kwana 35 take yi a kan ƙwai, a bari ta ƙyanƙyashe.

Sai ku tuna cewa da fiffiken nan take tsere wa kare da muzuru. Ranar da kuka rage shi, ranar ya kamata akurki mai murfi ya samu, a riƙa shigar da ita kafin magariba. Wanda kuma agwaginsa suka saba da dusa da kaskon ruwa a tsakar gida, ba sa haura katanga, ya ajiye almakashinsa, ba ya bukata.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a kiwo.